Sunan da Ke Cikin Faifai

Stockholm, 3 ga Satumba, 2007

Gwaggo Gunvor,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan birni. Yaya jikin Baba Halvar? Yaya gwiwarki, har yanzu tana ba ki wahala in za ki hau benen coci wajen kaɗa ogan? Ni lafiyata ƙalau, sai gajiyar aiki. Na buga waya har na gaji, sai maƙwabciyarku Majvor ta gaya mini kin zare igiyar wayar daga bango saboda ƙararta tana tashin Baba daga barci. To ga ni na koma takarda kamar lokacin da nake makaranta.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga faifai marar hoto, marar rubutu. Sabon kundin waƙoƙin Arvid Solhed ne, Arvid ɗin nan dai na gidan mai injin katako, wanda Baba ya yi shekaru yana kaiwa makaranta a bas. Kamfaninmu ne zai fitar da shi, ni kuma aka ɗora wa tallata shi. Ba zai shiga kasuwa ba sai tara ga Nuwamba. Majvor ta faɗa mini abin da likita ya ce, ba na son in rubuta shi a nan. Na dai ga Nuwamba ta yi nisa.

Ku saurari waƙa ta huɗu. Labarin wata bas ce mai ratsa daji da sassafe cikin dusar ƙanƙara, da direbanta mai yin fito. Ranar da na fara jin ta a ofis sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Yanzu ga abin da nake so ki karanta a tsanake. Aikinmu gaba ɗaya ja wa mutane rai ne. Mukan ba gidan rediyo waƙa ɗaya, bayan kwana biyu mu saki hoto, sannan hira da jarida, har ranar da kundin zai fito jama'a sun ƙagu. In ya ɓulla a intanet kafin ranar, kowa ya kwasa kyauta, wahalarmu ta tashi a banza. Shi ya sa duk faifan da aka ba wani tun yanzu akwai alamar mai shi a ɓoye cikin sautin. Wannan sunana ne a ciki. Na sa hannu cewa ba zai bar hannuna ba, in kuwa aka kama ni, aikina ne zai tafi. Don Allah kada ki ba kowa, ko aro.

Ki shafa mini kan Baba.

'Yarki,
Ylva


Granmyra, 9 ga Satumba

Ylva,

Wasiƙarki ta iso, mun gode. Gwiwa tana nan tana aikinta na ciwo. Babanki Halvar ya rame, amma bakinsa bai rame ba. Mun sauko da gadonsa falo kusa da taga don ya riƙa ganin masu wucewa farauta yana kushe karnukansu.

Kin haɗa ni da aiki. Tun da faifan nan ya shigo gidan nan ba a jin komai sai shi, bayan karin kumallo sau ɗaya, bayan abincin rana kuma sai abin da hali ya yi. Da aka zo waƙa ta huɗu ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru, alhali ban ce komai ba. Da ta ƙare ya ce, "Ni ne." Na tuna masa cewa direbobi biyu ne a hanyar nan, kuma ɗayan, Sture, shi ma yana fito. Ya ce Sture bai taɓa iya fito ba, iska kawai yake hurawa ta gibi. Ranar ya cinye dankalinsa tas, abin da ya daɗe bai yi ba.

Maganar sunanki ce ta ɗaure mana kai. Na karanta masa wurin, ya ce in sake. Yanzu kullum sai ya sa in ƙara murya, ya kafa kunne yana neman inda aka ce Ylva. Na ce masa wataƙila a hankali aka faɗa, ya ce yarinyar da ya koya wa tuƙa tarakta ba za a faɗi sunanta a hankali ba. A wace waƙa yake? Ki gaya mana mu huta.

Sana'arku kuwa ban gane ta ba. An gama waƙa, tana nan, mutane suna so, ku kuma ana biyan ku albashi ku hana su ji. Ni in na gasa burodi da zafinsa nake yankawa. Amma na ji gargaɗinki, ba zan ba kowa ba. Ko na so ma, murfin wurin sa faifai na rediyon ya ƙi buɗuwa sai an sa masa wuƙar man shanu.

Ki riƙa cin abinci mai zafi.

Gwaggonki,
Gunvor


Stockholm, 18 ga Satumba

Gwaggo,

Ina fata kuna lafiya, Baba kuma da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Abin da nake tsoro ya faru. Jiya da safe kundin Arvid ya ɓulla a intanet, duka waƙoƙin, kafin azahar ya zaga ko'ina. Maigidanmu Rutger ya tara mu, fuskarsa ja wur, ya ce a cikinmu ko cikin 'yan jaridar da muka ba wa akwai ɓarawo. Ya ce ya aika da abin da aka sata wa masana a London su karanto alamar, kuma duk wanda sunansa ya fito zai haɗu da lauya. Arvid ya fito a talabijin ya fashe da kuka, ya ce shekara uku na rayuwarsa aka kwashe. Ina tsaye a bayan kyamara riƙe da kwat ɗinsa.

An ce kowa ya dawo da faifansa ofis kafin ƙarshen mako mai zuwa. Kowa nasa yana cikin aljihun tebur, nawa ne kaɗai yake Granmyra.

Gwaggo, ba zargin ki nake yi ba, amma ki tuna da kyau. Wa ya shigo gidan? Nas ɗin da take zuwa da safe tana shigowa da kwamfuta? Fasto Elin fa, na san tana da ita. Majvor ta taɓa ɗaukar faifan zuwa gidanta, ko na yini ɗaya? Minti kaɗan ya isa a kwafe shi. Ku a can ba ku kulle ƙofa, kowa ya ga dama ya shigo ya ɗora kofi, ni kuma na manta da wannan lokacin da nake liƙe ambulan.

Ki aiko mini da shi ranar da wannan ta same ki. Na san abin da nake roƙo, kuma ina jin kunyarsa. Da zarar ƙura ta lafa zan mayar. Kada ki sa Majvor ta kira ni a wayar ofis, ban san wa yake saurare ba.

Ylva


Granmyra, 21 ga Satumba

Ylva,

Muna nan yadda kika sani. Ga faifanki, na naɗe shi cikin tawul ɗin kicin, tawul ɗin ki dawo mini da shi.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na zauna na sake karantawa, kaina bai warware ba. Kin ce an sace, na je na duba, ga shi cikin rediyo yana juyawa. Na taɓa ganin sata, an sace mana injin jirgin ruwa shekarar da kika karye a hannu, kuma da muka je bakin tafki babu shi. Wannan wace irin sata ce da kaya yake wurin mai shi?

Ban ba kowa ba. Amma in ji ma sata ne, to rabin Granmyra ɓarayi ne. Kin san yadda muke yi in mutum ya kwanta, ba a barin iyalinsa su kaɗai, gida-gida ake karɓar zaman jinya. Duk wanda ya zo zama kuwa sai Halvar ya sa shi ya ji waƙa ta huɗu kafin a ba shi kofi. Sture ma ya zo, ya ji, ya ce ai shi ne. Tsofaffi biyu, ɗaya a gado ɗaya a kan sanda, suna gasar fito a falona har nas ta tsawata musu.

Duk da haka na yi abin da kika ce. Na tambayi nas, ta buɗe jakarta ta zazzage a kan tebur. Na tambayi Fasto Elin a bakin coci, ta yi ja har kunne, ta ce kwamfutarta ta lissafin kuɗin coci ce. Na gaya musu maganar lauya da London don su san abin ba wasa ba ne. Sai Majvor. Na zuba mata kofi, na yanka mata kek, na ce ko ta taɓa ɗaukar wani abu daga gidan nan. Ta ajiye kofin da saura a ciki ta tashi. Tun muna 'yan mata nake shan kofi da matar nan, ban taɓa ganin ta bar saura ba. Jiya ranar zamanta ce, ta aiko da miya, ita ba ta zo ba.

Halvar na so in ɓoye wa, amma ya ga ina neman wuƙar man shanu. Na gaya masa komai. Ya ce, "A mayar wa yarinya kayanta, kada a kore ta a kaina." Ya roƙi a sa masa sau ɗaya na sallama. Muna tsakiyar waƙar motar gidan waya ta tsaya a bakin hanya, in ta wuce kuma sai Litinin, dole na kashe.

Ya ce in gaya miki ya samo sunanki. Wai yana nan daf da inda fiton ya ƙare, can ƙasa-ƙasa. Ni ban ji ba.

Ki rubuto ki gaya mana abin da mutanen London suka ce.

Gunvor


Granmyra, 8 ga Oktoba

Ylva,

Shiru. Ban sani ba ko faifan ya iso, ko an kore ki, ko kina kurkuku. Sture ya ce ya gan ki a talabijin a bayan Arvid kina riƙe da furanni, to na ce aƙalla ba a ɗaure ki ba.

Jikin Halvar ya yi nauyi. Ya daina karɓar abinci sai ruwan 'ya'yan itacen lingon a cokali. Ba ya kushe karnukan kowa. Abu ɗaya yake tambaya, ko yarinya ta gama da faifan.

Na gwada fitar masa da waƙar a ƙaramin ogan na falo. Amshin na kama shi, farkon ma ba laifi, amma akwai wani wuri a tsakiya da take hawa ta sauko wanda ya ɓace mini. In na yi kuskure sai ya ɗaga yatsa ya girgiza. Ya so ya nuna mini da fito, numfashin bai kai ba.

Kin ce waƙar ta zaga ko'ina, kowa yana ɗauka kyauta. Na ajiye girman kai na je wurin Fasto Elin na ce ta ɗauko mana a kwamfutarta. Ta ce bayan abin da na faɗa na lauya ba za ta iya ba, kuma ai ni da bakina na ce sata ce. Nas ma ta ƙi. Duk garin nan na tsorata su da kaina. To ki bayyana mini, don ni na kasa ganewa: yaya aka yi duniya duka tana da waƙar nan, gidan da babu ita shi ne gidan direban?

In mutanen London sun gama dubawa, ki aiko. In ba su gama ba, ki ce musu aro ne na kwana kaɗan, ba zai daɗe ba.

Gunvor


Stockholm, 19 ga Oktoba

Gwaggo,

Allah ya sa wannan ta sami Baba da sauƙi. Ga faifan, na biya kuɗin gaggawa. Ki sa masa tun kafin ki karanta sauran.

Wasiƙarki yau na gan ta. Tun ƙarshen Satumba ba na gida. Satar nan ta sa kowace jarida tana son Arvid, aka tura ni yawo da shi, Göteborg, Malmö, Oslo, Copenhagen, daga wannan ɗakin hira zuwa wancan, ko'ina tambaya ɗaya, yaya ya ji da aka yi masa sata. Faifan na miƙa shi ofis tun ranar da ya iso, aka jefa shi cikin kwali, ba wanda ya ko dube shi. Kullum ina jiran a kira ni a ce London sun yi magana.

Yau Juma'a muka dawo. Na yanke shawara in faɗi gaskiya da bakina kafin a faɗa mini. Lokacin kofin la'asar na shiga kicin ɗin ofis da maganata a shirye, sai na tarar da ƙaton kek mai koren rufi da kwalaben giyar shamfen. Rutger ya buga cokali a kofi ya ce shaguna sun ninka odarsu, tikitin wasannin hunturu ya ƙare. Sannan ya yi dariya ya ce, "To, ɓarawon naku ga shi a gabanku."

Shi ya saki kundin, Gwaggo. Da hannunsa, daga wani shagon intanet kusa da tashar jirgi. Babu wasu masana a London. Ya ce kundin mutum mai shekara arba'in da yake waƙar garinsu ba labari ba ne, amma kundin da aka sace labari ne. Wata ta tambaya ko Arvid ya sani, ya ce ina, da ya sani ai kukan ba zai yi kyau a talabijin ba. Na ce to tara faifan da barazanar lauya fa? Ya dafa kafaɗata ya ce, "In ku ba ku tsorata ba, 'yan jarida za su yarda? Kin yi ƙoƙari, Ylva, fuskarki kaɗai ta sayar mana da dubu."

Aka yi tafi. Ina jin ni ma na tafa, ban sani ba. An miƙo mini kek na karɓa. Na je ɗakin ajiya na tona kwalin na ɗauko nawa, ba wanda ya tambaye ni. Da na iso gida na tura ƙofa, ga wasiƙarki a ƙasa cikin takardun talla.

Ban san me zan ce miki ba. Ban san ko murna zan yi aikina ya tsira, ko in koma in kifa wa Rutger kek ɗin a ka ba. Na sa kin zargi Majvor a banza, na raba Baba da waƙarsa a banza, kuma wai an yaba mini. Ki ba Majvor haƙuri, ki ce laifina ne. Ki mayar da igiyar waya ko na awa ɗaya, ina so in ji muryarsa. In Baba yana so, zan tambayi Arvid wane direba yake nufi, in sa ya rubuto da hannunsa.

Tawul ɗinki yana ciki.

Ylva


Granmyra, 24 ga Oktoba

'Yata Ylva,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Halvar ya rasu ranar Alhamis da safe, kwana ɗaya kafin ku ci kek. Bai sha wahala ba a ƙarshe. Majvor tana wurin. Da ta ga motar nas ta daɗe a ƙofa ba ta jira a ba ta haƙuri ba, ta shigo ta ɗora kofi. Ta so ta buga miki waya na hana, na ce wannan da hannuna zan rubuta, sai kuma hannun ya ƙi har yau.

Faifan ya iso Litinin. Na karanta wasiƙarki, na ba Majvor ta karanta, muka kira Sture ya karanta, mu uku ba wanda ya gane. Mutum ya saci kayansa, ya yi ihu, ya sa yaron mutane kuka a gaban duniya, sannan ya sayi kek. Sture ya ce wataƙila akwai shafin da ya ɓace. Na ce babu, haka birni yake.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi da ke. Ranakun nan da yake tambaya ina ce masa gobe, na yi fushi har na juya hotonki ya kalli bango. Yanzu fushin ya wuce. Ke kika aiko masa da waƙar tun farko, ba wanda ya sa ki, kuma makonni biyun da ya yi da ita ya ci abinci, ya yi faɗa da Sture, ya zama mutum. Fushin da ya rage na ajiye wa Rutger ɗinku, ki gaya masa kada hanya ta biyo da shi Granmyra.

Daren Laraba kafin ya rasu, a'a, da yammacin Laraba ne, rana ba ta faɗi ba, na sake gwada masa a ogan. Da na zo wurin nan na tsakiya na yi abin da na ga dama. Bai ɗaga yatsa ba. Ban sani ba ko na dace ne, ko yatsan ne ya gaji.

Kada ki tambayi Arvid komai. Halvar ya tafi da sanin cewa shi ne, Sture kuma yana nan da sanin cewa shi ne, kowa ya riƙe nasa.

Fasto Elin ta sa jana'iza Juma'a tara ga Nuwamba. Sai da na dawo gida na tuna ranar ce kundinku yake shiga kasuwa. Ban canza ba. Ki zaɓa, in ba ki zo ba zan gane, ko da yake zan ɗan yi fushi. In za ki zo ki sa takalmin kirki, ƙanƙara ta fara kwanciya, Majvor za ta tarye ki a tashar bas. Ni zan kaɗa ogan da kaina, gwiwa ko ba gwiwa, kuma waƙa ta huɗu zan kaɗa yayin fita da shi. Na sa faifan sau ɗaya ranar da ya iso, na kama wurin da ya ɓace mini. Ashe sauka take yi kafin ta hau.

Na kuma ƙara murya daf da inda fiton ya ƙare, na kafa kunne yadda yake yi. Ban ji komai ba, amma ni dama sai da na'urar taimakon ji nake ji.

Jiya muka je ɗakin ajiye gawa muka sa masa kaya, ni da Majvor. Kwat ɗinsa shuɗi na aikin bas muka sa masa, ya yi masa yawa yanzu. Faifan ba zan dawo miki da shi ba. In kamfaninku ya sake tara kayansa, ki ce su zo da shebur. Kin ce sunanki yana ciki, shi kuma ya ce ya ji shi, to na sa masa a aljihun ƙirji na hagu na maɓalle.

Gwaggonki,
Gunvor